Guduma a Waje

A Coimbatore, bayan masaƙar da ta rufe,
inda ƙurar auduga har yau take liƙe a taga,
injin sassaƙar ƙarfenmu ya fara tari.
Kunne bai kama shi ba,
a jikin aiki ya fito:
zane sirara, kamar sawun tururuwa a rairayi.

Tsoho Kuppusamy ya shafa da farcen babban yatsa.
Ya ce, Thenmozhi, boris ɗin mazari ya gaji.
Kashe fanka. Rufe ƙofa. Share benci sau biyu.
Sai ya zare guduma daga hannuna
ya ajiye ta waje, kusa da takalmanmu.

Kafin in taɓa noti ya sa na zana komai a takarda:
wace fuska ke duban gaba, wacce ke duban baya,
zoben tazara na fari da na biyu,
da ɗan ɗigon da maƙera suka bari a gefe,
wurin da ƙarfen ya ɗara tudu.
Ya ce, abin da ido ya gani da safe,
da la'asar zai rantse bai gani ba.

Na kafa abin ja mai ƙafa uku a zoben ciki.
Kada ƙarfi ya bi ta kan ƙwallaye, in ji shi,
in ya bi, kowace sai ta bar ramin ƙafarta,
ba za ki sani ba sai injin ya kai ƙararki.
Na murɗa rabi, na huta.
Na murɗa kwata.
Can ya saki da ɗan ƙas,
irin na gwiwar tsoho in zai miƙe.
Mazari ya fito tsirara, da nauyin goyon wata shida,
na naɗe shi a tsumma na kwantar a kan katako.

Sababbin na cikin takardarsu mai maiƙo,
kuɗinsu ya haura albashina na wata uku.
Ba a buɗe ba sai da na wanke hannu har gwiwa,
na tufke gashina na ɗaure,
don silin gashi a wurin nan gungume ne.

Mazari ya kwana a firjin mai shayin bakin titi,
tsakanin madara da kwalaben lemo.
Da safe na goge masa raɓa.
Boris kuwa muka ɗumama a mai, ba a bari ya tafasa ba.
Zafi ya buɗe baki, sanyi ya tsuke ciki,
zobe ya zame ya zauna a kafaɗarsa,
babu duka, babu gardama.
Giris kaɗan, kamar gishiri a miya.

Na ɗaure noti ina duban allurar agogon awo.
Ta yi rawa, ta rage, ta lafa.
Zuciya ta ce ƙara kaɗan, na ƙara.
Minti ashirin da tayarwa
kan injin ya yi zazzaɓi a tafin hannuna.
Bai yi faɗa ba. Ya tafi shan shayi.
Na jira ƙarfe ya huce,
na mayar da abin da zuciya ta ƙara.

Da ya dawo ya ɗora bakin sukundireba a kan injin,
ƙotar a kunnensa, ido a rufe.
Ya daɗe.
Sai ya miƙo mini, yana duban ƙasa:
kunnen nan ya riga ni yin ritaya tun bara,
ke saurara ki faɗa mini.

Na saurara.
Na ce, kamar ruwan sama ne a kan duwatsun yamma,
wanda bai iso gari ba tukuna.
Ya ce, babu tsakuwa a ciki?
Na ce babu.
Ya gyaɗa kai, ya goge hannu a wando,
ya ce, je ki shigo da gudumar nan kada ta yi tsatsa.